Ƙofar da Kwamfuta Ta Yi wa Guga

Duk mai yawo a cikin birnin Kano ya san zanen da nake nufi. Yana jikin fosta, kalanda da rigunan ƙungiyoyi: ƙofar gari mai launin ƙasa, zankwaye a tsaye cir, dagi a goshi. Kwanaki wani mai shagon buga takardu ya nuna mini irinsa, ya ce Ƙofar Mata ce. Na ce, "Malam, da me ka gane ta?" Sai ya yi dariya, ya ce ai sunan da ke kan fayil ɗin ke nan.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ake yin sa. Hoton waya ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo da launinsa. Kyamara mai megafiksel 12 ɗigo miliyan 12 take ajiyewa, in ka buɗa hoton da yawa sai ya dushe. Shi kuwa zanen bekta umarni yake ajiyewa: fara daga nan, lanƙwasa haka, tsaya can. Lissafin lanƙwasar daga masana'antar motoci ta Faransa ya fito, aikin Paul de Casteljau na Citroën a 1959 da Pierre Bézier na Renault a shekarun 1960. Shi ya sa zane ɗaya zai hau hatimi, ya hau allon talla, bai farfashe ba. Don haka masu aiki da CorelDRAW suna da hujjarsu.

Matsalar tana wajen mayar da hoto bekta. Ɗauki Potrace, wadda Peter Selinger ya fitar a 2001, ita ce kuma ke wannan aiki a cikin Inkscape. Hoton baƙi da fari take karɓa, wato sai an yanke wa kowane ɗigo hukunci tukuna: ko baƙi ko fari. Daga nan ta bi iyakar da ke tsakaninsu, ta zubar da ƙananan tabo, ta sulɓe layin. Ga tambarin kamfani wannan daidai ne. Ga ginin ƙasa fa?

Na farko, adon bangon Hausa tudu da kwari ne, inuwa ce ke fito da shi. Manhaja ba ta san tudu ba, haske da duhu kawai ta sani. Ka ɗauki bangon Gidan Makama da hantsi, ka sake ɗauka da la'asar, zane biyu daban za ta ba ka. Ashe inuwar ranar ka zana, ba aikin magini ba.

Na biyu, sawun hannun mai yaɓe da ɗan kaushin makuba, duk a wurinta datti ne, sharewa take.

Na uku ba laifin manhaja ba ne, namu ne. Mai zane kan gyara rabin ƙofa, ya kwafa, ya juya, ya manna a ɗaya gefen. Alhali bangon tubali da kauri yake farawa a ƙasa, yana sirancewa a sama, kuma da wuya ka ga zanko biyu sun zo daidai wa daida. Sai a wayi gari duk ƙofofin sun koma kama ɗaya.

Wani zai ce, to, ado ne kawai, mene ne abin damuwa? Ganuwar nan Sarki Gijimasu ya fara ta wajen ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, kuma tun 2007 tana jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO. Duk da haka a 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa saboda aikin titi. In gini ya tafi, hoto ne shaida. Idan gogaggen zanen ne ya cika intanet, shi ɗalibi zai saka a binciken kammala karatu, shi kuma mai gyaran gini zai kwaikwaya.

Ba cewa nake a daina ba. Dagi da aska takwas asalinsu layi ne, bekta ta dace da su. Amma in gini ne, a ajiye hoton asali tare da sunan wurin, rana da lokacin ɗauka. A ɗauka ta fuska da yawa. A bi layin da hannu, a nuna wa magini ya duba. In kuma zanen ado ne kawai, a faɗa, kada a laƙaba masa sunan ƙofar da bai yi kama da ita ba.