Salsalar da Ta Manta da Uwa

Bafaranshen da yake so ya san kakansa da ya zauna a Ubangi-Shari ba zai sha wahala ba. A birnin Aix-en-Provence na kudancin Faransa akwai gidan ajiyar takardun ƙasashen da suka mallaka, wanda aka buɗe a 1966. Can zai tarar da rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta Turawa, da fayil ɗin aikin jami'an mulki. Dole a yaba wa wannan tattali. Ta haka muka san cewa Michel Dolisie da Alfred Uzac ne suka kafa sansanin Bangui a watan Yuni na 1889, Maurice Musy kuwa an kashe shi a farkon 1890.

Amma idan mutum ya karanta irin bishiyar zuriya da ake zanawa daga waɗannan takardu, sai ya ga reshe guda ya yanke. Baturen ya zo gwauro, ya yi shekaru, ya koma gida ya yi aure, daga nan ne ake fara ƙirga 'ya'yansa. To, matar da ta dafa masa abinci a bakin kogin Ubangi, ta haifa masa ɗa fa? Sau da yawa babu sunanta. Dokar da Faransa ta yi a 1936 domin barbarar yanyawa a wannan yanki ta ba su damar zama 'yan ƙasar Faransa, amma ƙofar da aka buɗe musu ita ce ta ɗan da doka ba ta san ubansa ba. Uban da duk gari ya san gidansa!

Mai karatu ya buɗe Bisharar Matiyu sura ta 1 ya gwada. Marubucin bai ɓoye Tamar ba, bai ɓoye Rahab ba, bai ɓoye Rut Bamowabiya ba, ko matar Uriya. Matan da mai son tsare mutuncin gida zai so ya share, su ne ya sa cikin asalin Almasihu. Da wannan ma'auni, salsalar Aix rabi ce.

Wani zai ce tsohon zance ne. A Kilomita Biyar ba tsohon zance ba ne. Wannan unguwa ta kasuwa ta cika da jikokin Hausawa da Barebari da Fulani da sauran fatake waɗanda kakanninsu suka sauka tun zamanin Faransa, lokacin da baƙar fata ba ya cikin rajistar Turawa. Da rikicin 2013 da 2014 ya ɓarke, aka riƙa kiransu baƙi, har da waɗanda aka haifi iyayensu a Bangui. Jikan Baturen da ya yi shekara uku a garin yana da shaida a rubuce, jikan mahaucin da aka binne a can ba shi da ita. Abin baƙin ciki, cikin masu faɗin haka akwai waɗanda suke kiran kansu masu bi.

Ikilisiya tana da abin da zai cike wani ɓangare na giɓin. Mishan ɗin Saint-Paul des Rapides, wanda Bishop Prosper Augouard ya kafa a Bangui a 1894, da majami'un da suka biyo bayansa, sun riƙa rubuta baftisma, kuma littafin baftisma yakan tambayi sunan uwa. Musulmin Kilomita Biyar ba sa cikin waɗannan littattafai. Nasu asalin yana bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa da yawa sun gudu Chadi da Kamaru a 2014.