Kiɗan gwanjo ya ishe mu

Abin da ke ba ni haushi da yawancin waƙoƙin da samarin Nima da Mamobi ke saki yanzu shi ne mawaƙi bai san makaɗinsa ba. Sai ya sayi kiɗa haɗaɗɗe a intanet, ko a turo masa ta WhatsApp, ya ruga situdiyo ya ɗora murya. In ta ƙi zama, injiniya ya yi ta lallaɓa ta da kwamfuta har ta zauna dole. Gwanjon kasuwar Kantamanto ke nan: rigar na da kyau, amma ba a jikinka aka auna ta ba. Shi ya sa za ka ji waƙa goma a gidan biki ka rantse mutum ɗaya ya yi su.

Turawan da muke ɗauka komai nasu a takarda yake ma ba haka manyansu suka yi ba. Luciano Berio, ɗan Italiya mai tsara kiɗa, ya auri mawaƙiya Cathy Berberian a 1950, ya yi shekara da shekaru yana sauraron abin da maƙogwaronta zai iya. Waƙar Sequenza III da ya rubuta mata har da dariya da tari da gunaguni a ciki, don ya san ita za ta iya mai da su waƙa. Auren ya mutu, aikin bai mutu ba. A nan gida ma, wa zai raba mawaƙi Obrafour da makaɗinsa Hammer a faifan Pae Mu Ka na 1999? Haka masu kalangun Mamman Shata: sun san inda zai ja numfashi, sun san inda zai saki magana, kafin ya juya sun juya. Irin wannan sabo ba a turo shi ta waya.

Za a ce kuɗi ne, situdiyo da tsada. Gaskiya ne, kuma kiɗan gwanjon ya fito da yaran da da ba za a taɓa jin su ba, wannan na yarda. Amma zama da makaɗi ɗaya ana gwaji, ana ɓatawa ana gyarawa, haƙuri yake ci fiye da kuɗi, kuma haƙurin ne ya yi ƙaranci. Kowa so yake ya fashe a TikTok kafin Juma'a.

Samarin Zango, unguwar da ta fitar da ƙungiyar mawaƙa ta VIP ba ta rasa masu kunne ba. Kowa ya nemi makaɗinsa ya riƙe shi, kuma in waƙa ta fita a rubuta sunansa kusa da naku.