Mai Ganin Hoto Tun Bai Fito Ba

Na taɓa zama kusa da wani ƙanena yana tono tsofaffin wasiƙun imel na wata ƙungiya, waɗanda aka tara shekara da shekaru a fayil guda. Aikin da aka ba shi shi ne ya fito da hotunan da ke maƙale a ciki, yadda duk wanda ya buɗe wasiƙa zai tarar da hotonta a ƙasanta. Da ya buɗe fayil ɗin, ni dai abin da na gani baƙaƙe ne da lambobi a cakuɗe, layi bayan layi, kamar sawun kaza a rairayi. Shi kuwa sai ya ɗora yatsa a farkon wani layi ya ce, "Yaya, wannan JPEG ne." Na ce ta ina ka sani? Ya nuna mini /9j/. Ya gangara ƙasa, ya ga iVBORw0KGgo, ya ce wannan kuma PNG. Ban ga hoto ko ɗaya ba, shi har ya fara ƙirga su.

Asalin abin shi ne, ba a gina imel don ɗaukar hoto ba. Ƙa'idar aika wasiƙa da Jon Postel ya rubuta a 1982 alamomi 128 kacal ta sani: baƙaƙen Turanci, lambobi, da 'yan alamomin rubutu. Hoto kuwa kowane ɗan guntunsa yana iya zama ɗaya daga cikin abu 256. Sai a 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da tsarin MIME a Amurka. Ranar 11 ga Maris na shekarar Borenstein ya aika wa abokan aiki hoton wata ƙungiyar mawaƙa mutum huɗu da yake ciki, haɗe da muryarsu. Dabarar da ke ɗaukar hoton ita ce base64: a yanka shi gunduwa uku-uku, kowace ukun a rubuta ta da alamomi huɗu daga cikin 64, a jera su layi-layi, kada layi ya wuce alama 76. Hoto ya sa rigar rubutu ke nan, ya wuce masu gadin ƙofa. Kuɗin rigar shi ne ƙarin nauyi, kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa hoto mai megabayit 3 yake komawa 4 a hanya.

Mu ma masu rubutun Hausa mun ci moriyar tsarin. Ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin waɗancan 128, su ma sai an sauya musu kama. Idan ka taɓa ganin =C6=99 a tsakiyar kalma, ƙaramar ƙ ce da aka manta ba a tuɓe mata rigar ba.

Mayar da rubutun ya koma hoto ba wani abu ba ne, kwamfuta tana yi kafin ƙiftawar ido. Gwanintar tana wajen sanin inda kowane kaya ya fara da inda ya ƙare. Kowace wasiƙa mai ɗauke da kaya tana da layin iyaka da ke raba sassanta, kamar gamba tsakanin gona da gona. To amma wasiƙar da aka tura wa wani, shi ma ya tura gaba, iyakokinta kan shige cikin juna hawa uku ko huɗu, sai an bi su a hankali. Wani lokacin kuma manhajar imel ta Outlook takan ƙunshe komai cikin wani fayil mai suna winmail.dat, wannan ƙulli ne daban, da nasa hanyar kwancewa.

Abin da ya fi burge ni da yaron nan shi ne bai yarda da lakabi ba. Kowane kaya yana zuwa da bayanin cewa ni hoto ne iri kaza, sunana kaza. Shi sai ya leƙa farkon kayan da kansa. Dalilinsa kuwa, mugu yana iya rubuta "hoto" a kan abin da zai yi ɓarna a na'urar mai karatu, kuma nau'in SVG ma yana iya ɗauke da umarnin da kwamfuta za ta bi. Irin waɗannan gefe yake ajiye su. Hotunan waya kuma yakan share bayanan da ke ɓoye cikinsu, domin wasu suna ɗauke da ainihin wurin da aka ɗauke su, har a gane gidan mutum. Babu wanda ya sa shi wannan, kuma babu wanda zai gode masa a kai. Sannan ya yi wa kowane hoto ɗan ƙaramin kwafi mai saurin buɗewa, don kada mai ƙarancin data ya sha wuya, babban kuma yana nan ga mai so.

Wajen la'asar ya ci karo da wata wasiƙa da ta yanke a tsakiya, layin rufewarta babu. Na ce ai wannan ta tafi. Ya ce, "Bari dai mu gani, Yaya." Ya datse 'yan baƙaƙen ƙarshe har adadin ya rabu huɗu-huɗu, ya juya. Hoton ya sauko daga sama: rumfa, huluna, fuskokin dattawa shida a jere. Daga ƙirjinsu zuwa ƙasa toka-toka ne kawai. Ya adana shi haka, ya rubuta a ƙasansa cewa rabi aka samu.