Mai Firji Da Mai Awo

'Yan uwana mata, ku tuna azumin 2020 da aka kulle Kano saboda korona. Litinin da Alhamis kawai ake sakin mutane, ƙarfe 10 zuwa 4. Da aka ga cunkoso a kasuwar 'Yankaba sai zagi ya tashi, wai talaka ba ya jin magana, wai mata yawo ne ya fito da su. Haba jama'a! An matse cefanen mako cikin awa 12, ina za a rasa turmutsutsu? Hajiya mai zagin nan shinkafarta buhu-buhu a sito, firjinta cike, direba take aika. Ita kuwa mai awon gwangwani, sai maigida ya samo take ɗora tukunya, tumatirinta ko kwana biyu ba ya yi a zafin nan.