Wa Ƙamus Ya Fuskanta? Sharhi a kan Ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa

A watan Maris na shekarar 2025, kundin sake gina ƙasa da hukumomin Nijar suka zartar ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ingilishi, wanda a da darasi ne kawai da yaro kan soma a ajin farko na kwaleji ya rubuta jarrabawarsa a BEPC, ya sami kujera a cikin dokar ƙasa. Wannan ya sa ya dace mu waiwayi kayan aikin da ke hannunmu, mu tambayi kanmu: idan ɗalibi a Ɗan Kassari ko Dogon Dutsi ko Tibiri ya ci karo da kalmar Ingilishi mai wuya, ina zai dosa ya sami ma'anarta da yadda ake amfani da ita?

Abin da aka saba shi ne a ba shi kalmar Faransanci, shi kuma ya juya ta zuwa Hausa a cikin zuciyarsa. Magana ta bi baki uku ke nan kafin ta zauna, kuma kowa ya san abin da kan sami saƙon da ya bi baki uku. Hanyar da ta fi kusa ita ce ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa, kuma wanda ya fi cancanta a yi sharhi a kansa shi ne na Roxana Ma Newman, wanda maɗaba'ar Jami'ar Yale ta Amurka ta buga a 1990. A 2020 ita da Paul Newman sun fitar da wani babban ƙamus mai fuska biyu, Hausa zuwa Ingilishi da Ingilishi zuwa Hausa, a maɗaba'ar Jami'ar Bayero ta Kano, abin da ya kawo aikin nasu kusa da masu harshen.

Kafin a auna ƙamus, sai an san abin da ake kira kalma mai wuya. Yawancin ɗalibai, har da wasu malamai, suna ɗauka doguwar kalma ita ce mai wuya, shi ya sa littattafan rubutunsu ke cike da jerin manyan kalmomi da ake haddacewa kamar karatun allo. Ga yaron da ya yi shekara shida yana karatu da Faransanci, lamarin a juye yake. Tun bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Ingilishi ya kwashi dubban kalmomi daga Faransanci, musamman na mulki da shari'a da ilimi. Saboda haka kalmomi irin su "administration" da "constitution" da "population" ba baƙi ba ne ga ɗalibinmu. Ya ma fi takwaransa na Sakkwato saurin gane su. Inda ƙafarsa ke sarƙewa wuri biyu ne.

Na farko shi ne ƙananan kalmomin da ba su da ƴan'uwa a Faransanci, irin su "get" da "put" da "give". Kalmar "give" ita kaɗai bayarwa ce, amma "give up" daina abu ne ko fid da rai, "give in" kuma miƙa wuya. "Put off" ɗage abu ne zuwa wani lokaci, "put up with" kuwa haƙuri da abin da ba a so. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi tsoro ba, domin harshensa ma haka yake. Dubi kalmar "ci": a ci tuwo, a ci kasuwa, a ci bashi, a ci sarauta, a ci jarrabawa, a ci amana, a ci mutunci, a ci gaba. Baƙon da ya haddace cewa "ci" sa abinci a baki ne, ranar da aka ce masa wane ya ci amanar wane zai tsaya yana neman kwano. Yaron da aka nuna masa wannan misali daga harshensa ya riga ya fahimci rabin darasin.

A nan ne ƙamusun 1990 ya yi fice. Ba ya ajiye kalma guda gaban kalma guda ya wuce. Yakan raba kalmar Ingilishi gida-gida bisa ma'anoninta, ya sa ɗan bayani da ke nuna wace ma'ana ake nufi, sannan ya kawo gajeruwar jimla ko yankin jimla da Hausarta. Wanda ya buɗe shi zai ga da idonsa cewa kalma ba ta da ma'ana guda, kuma maƙwabtanta a cikin jimla su ne ke nuna wadda ake nufi. Hausar da ke cikinsa ma Hausa ce da ake ji a bakin mutane, ba wadda aka lanƙwasa don ta bi ƙirar Ingilishi ba. Malamin da ke da wannan littafi a tebur ya huta da kame-kame.

Sai dai ƙamus kamar ɗaki ne, yana da inda ƙofarsa ta fuskanta. An tsara wannan ne domin mai jin Ingilishi da ke son ya koyi Hausa. Shi ya sa aka ɗora wa kowace kalmar Hausa alamomin karin sauti da tsawon wasali, abin da yaron Arewa ba ya buƙata tun da a nono ya sha su. Abin da shi yake buƙata, wato yadda ake furta kalmar Ingilishi, ba aikin littafin ba ne. Ga shi kuwa "though" da "through" da "tough" sun yi kama a rubuce, a baki kowace da tata hanya. Haka nan mai Ingilishi ba ya neman a gaya masa cewa "advice" da "information" ba sa ɗaukar jam'i, alhali ɗalibinmu, wanda ya saba da jam'insu a Faransanci, kullum sai ya liƙa musu. Wannan ba laifin marubuciyar ba ne, ta cika alkawarin da ta ɗauka wa masu karatunta. Mu ne muke shiga ɗakin ta taga.

Neil Skinner ya fuskanci ɗalibi Bahaushe kai tsaye a cikin Kamus na Turanci da Hausa da aka buga a Zariya a 1965. Amma ɗalibinsa na Arewacin Nijeriya ne, wanda Ingilishi ne harshen makarantarsa tun daga firamare, kuma littafin ya tsufa ga zamanin kwamfuta da wayar salula. Ko sunan nasa sai an yi wa yaronmu bayani, domin a gefenmu idan an ce Turanci akan tambaya wanne daga ciki.

Wuri na biyu da ƙafa ke sarƙewa babu ƙamusun da ya tanade shi a cikin waɗannan, domin babu wanda aka rubuta da tunanin mai Faransanci. Su ne kalmomin da suka yi kama da na Faransanci alhali ma'ana ta raba hanya. "Library" ɗakin karatu ne, "librairie" kuwa kantin sayar da littattafai. "Actually" na nufin a gaskiya, "actuellement" na nufin a halin yanzu. "Attend" halarta ce, "attendre" jira. "Eventually" na nufin daga ƙarshe abin ya faru, "éventuellement" kuwa mai yiwuwa ne ya faru. Haɗarin irin waɗannan shi ne ɗalibi ba ya ma neman su a ƙamus, tun da yana ganin ya san su. Idan Ingilishi zai zama harshen takardun ofis da yarjejeniya, magatakardan da ya ɗauki "daga ƙarshe za a biya" a matsayin "wataƙila a biya" ya jawo wa wani asara.

Akwai kuma Ingilishin da ke shigo mana ta kan iyaka, ta bakin fatake da direbobi da finafinan Kano. Kalmomi da yawa sun zama Hausa sun sake kama: "kanti" daga "canteen" ta fito, wadda a Ingila wurin cin abinci ce, "bariki" daga "barracks", wadda ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin abubuwan da Bahaushe ke nufi idan ya ce ɗan bariki. A Nijeriya akan ce "well done" ga wanda aka tarar yana aiki, wato sannu da aiki aka mayar Ingilishi, alhali a Ingila yabo ne ga wanda ya gama abu da kyau. Wannan Ingilishi na maƙwabta yana da ƴancinsa, amma ɗalibi na da haƙƙin a gaya masa wanne ne na kasuwa, wanne ne na takardar jarrabawa.

Har kalmar da ake ganin fassararta ta daidaita takan ɓoye wani abu. Kowane ƙamus zai ce "queen" ita ce sarauniya. To amma yaron da ya tashi kusa da Lugu, garin da ya yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, abin da ya sani da Sarauniya ya haɗa da jagorancin addinin gargajiya, ba matar sarki ba ce kuma ba mai kambin zinariya ba. Sai an buɗe masa bambancin da Hausa zai san abin da ya karanta.

Misalin da ya kamata mu duba yana nesa da mu. A. S. Hornby ya koyar da Ingilishi a Japan, ya lura da wuraren da ɗalibansa ke tuntuɓe, shi da abokan aikinsa suka fitar da ƙamus a Tokiyo a 1942, wanda daga baya ya zama shahararren ƙamusun Oxford na masu koyo. Ƙarfinsa daga aji ya fito. A 1953 kuma Michael West ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 da suka fi yawo a Ingilishi, ya nuna cewa wanda ya mallake su da dukkan ma'anoninsu ya fi wanda ya haddace baƙaƙen kalmomi masu yawa.

Mu ma ba daga fili za mu fara ba. Abdou Mijinguini ya ba mu Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci a 1987, Bernard Caron da Ahmed Amfani sun fitar da na Faransanci zuwa Hausa a 1997, ga kuma aikin su Newman. Abin da ya rage shi ne ƙaramin ƙamus na ɗalibin Nijar: kalmomi kaɗan, misalai da yawa, bayani da Hausa, furuci a rubuce, da alamar gargaɗi a gaban duk kalmar da Faransanci zai iya yaudarar yaro a kanta. Cibiyar INDRAP da sassan Ingilishi da na nazarin harsuna na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suna da masanan da za su iya, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kurakuran da ya kamata littafin ya magance suna nan a cikin takardun da malaman kwalejojin karkara ke gyarawa kowane mako, kuma su ne ya kamata a fara tattarawa.

Kafin wannan ya samu, ƙamusun 1990 da na 2020 sun cancanci wuri a kowace kwaleji ta ƙasar Arewa, a hannun malami kafin ɗalibi, domin malamin ne zai cike abin da littafin ya bari: furuci, tarkon Faransanci, da misali daga rayuwar yaron.