Tankin da Muka Binne a Bango

Daren da na kwana a sabon gidan yayata, bayan an ɗauke wuta kuma janaretocin unguwa sun yi shiru, sai na riƙa jin wani siririn sauti daga banɗakin ɗakin baƙi, kamar ana tsiyaya ruwa a buta can nesa. Na tashi na haska. Famfo a rufe, shawa a rufe, ƙasa a bushe. Sai da na duƙa sannan na ga zaren ruwa yana gangarowa a cikin masai ta baya, babu tsayawa. Na ɗaga kai in buɗe murfin tanki yadda muka saba, sai na tarar babu tankin. Tayil ne fari ƙal tun daga ƙasa har silin, sai wani faranti mai maɓalli biyu a manne. Tankin yana cikin bango.

Da gari ya waye na gaya wa Yaya. Ta ce ai wata biyu ke nan ruwan tankin sama ba ya kai su la'asar, har ta fara yi wa yara faɗa a kan ɓarna.

Duk mai shiga sababbin gidaje a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san wannan yayi. Otal-otal ne suka fara, sai manyan gidaje, yanzu har mai ɗaki uku da falo yana so a ce banɗakinsa babu abin da ke leƙowa. Ni ma ina ganin kyansa, kuma amfaninsa na gaske ne. Masan da aka rataye a bango bai taɓa ƙasa ba, tsintsiya da ruwa suna wucewa ta ƙarƙashinsa, kuma mu da muke tsarki da ruwa, muke wanke daɓen banɗaki kullum, mun san darajar wannan. Babu murfin tangaran da yaro zai ɗaga ya faɗi ya fashe. Maɓallan nan biyu kuma, babba yana sakin wajen lita 6, ƙarami wajen lita 3, alhali tsofaffin tankuna lita 9 ko fiye suke zubarwa a kowane ja. Abin da ke damuna shi ne mun ɗauki rabin dabarar mun bar rabi. Mun koyi ɓoyewa, ba mu koyi barin hanyar gyara ba.

Wannan tanki ba jiya aka ƙirƙire shi ba. Kamfanin Geberit na ƙasar Suwizalan ya fito da nasa tun 1964, kuma waɗanda suka zana shi sun san duk abin da ke riƙe ruwa wata rana zai yi yoyo. Shi ya sa suka mayar da farantin maɓalli ƙofa. Idan ka cire shi, akwai taga da hannu zai shiga, kuma duk abin da ke lalacewa a cikin tankin an ƙera shi ne yadda zai fito ta wannan taga.

Ban san haka ba sai da na gani da idona. Mai gyaran famfon da aka fara kira, matashi ne, ya ƙwanƙwasa tayil da yatsa ya ce sai an fasa, domin a cewarsa tankin ya huje. Ya lissafa kuɗin sabon tanki da siminti da mai tayil, ga shi kuma irin tayil ɗin ya ƙare a kasuwa. Yaya ta ce a dakata. Wani maƙwabci ya turo mana wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin famfo a otal. Ya shigo da ƙaramar jaka, babu guduma a ciki. Ya tura farantin sama kaɗan, ya janyo shi, ya kwance marfin robar da ke bayansa, ya sa hannu ya murɗa wani ɗan makulli, ruwa ya daina shiga tankin.

Na ce, "Baba, me kake jira?"

Ya ce, "Malam, ruwan nake so ya gaya mini laifin wane ne."

Ya yi mini bayani muna tsaye. Abu biyu ne ke aiki a cikin tanki. Akwai mai shigo da ruwa, wanda ke da wata roba mai iyo da ke tashi tare da ruwan har ta rufe hanya idan ya cika. Akwai kuma mai sakin ruwa, wanda ke zaune a kan wata faffaɗar roba mai kama da zobe a gindin tanki. Idan mai shigo da ruwa ya kasa rufewa, ruwa zai yi ta hawa har ya bi ta bututun ambaliya ya zuba cikin masai. To da zarar ka rufe makulli, yoyon zai tsaya nan da nan. Idan kuwa ka rufe makulli amma ruwa ya ci gaba da gangarowa har tankin ya ƙare, robar gindi ce ta gaji. Namu bai tsaya ba. Ya zaro mai sakin ruwan ta tagar nan, ya nuna mini robar: ta bushe, ta yi ƙuraje, ga yashi da farin dattin ruwa sun maƙale a inda take zama. Ya wanke wurin, ya sa sabuwa, ya mayar da komai. Ya ɗora busasshiyar takarda a bayan masan, muka jira, ba ta jiƙe ba. Aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma ko tayil ɗaya bai tsage ba.

A banɗakin maigidan ne farin cikinmu ya koma ciki. Shi ma yana yoyo, amma mai tayil ya matse tagar har hannun yaro ba zai shiga ba, sannan ya bi gefen farantin da farin siminti don ya yi kyau. Da aka sha wahala aka buɗe, babu sunan kamfani a jikin tankin ko ɗaya, kuma robarsa ba ta yi daidai da kowace iri da Baba ya sani ba. Wannan kam sai da aka fasa.

Banɗaki biyu, gida ɗaya, shekara ɗaya. Abin da ya raba su an yanke shi ne tun ranar aiki, kuma Bahaushe ya riga ya ce tun ran gini, ran zane.

Laifin farko namu ne masu gida. Mukan kwashe kwanaki muna zaɓen launin tayil, amma abin da za a binne a bango na shekara ashirin sai mu ce a sayo mai sauƙi tunda ba a ganinsa. Ni a ganina abin da ba a gani shi ya fi cancantar kuɗi, domin farantin da ya dusashe minti biyar ne sauya shi. Manyan kamfanoni irin su Geberit da Grohe suna sayar da robobi da sauran kayan ciki daban, kowanne da lambarsa. Kafin ka biya kuɗin tanki, ko a Ƙofar Ruwa kake ko a Dei-Dei, ka tambayi mai shago ya nuna maka robar gindinsa da mai shigo da ruwansa a ware. Idan babu su a yau, ba za su samu ba ranar da kake nema. Araha ba ta ado, balle arahar da aka rufe da siminti.

Na biyu, ruwanmu ba irin na waɗanda suka ƙera kayan ba ne. Yawancinmu rijiyar burtsatse muke sha, ruwan yana zuwa da yashi, wani wurin kuma yana barin farin datti mai tauri a jikin duk abin da ya daɗe a cikinsa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana roba zama daidai. Sau da yawa ma yashin tun ranar gini ya shiga, saboda an haɗa bututu da tanki ba a fara sakin ruwa ya wanke shi ba. Matata guda a bakin tankin sama, da wanke tankin lokaci-lokaci, za su ƙara wa robobin nan shekaru.

Na uku, masu sana'ar ba sa magana da juna. Mai famfo ya kafa ya tafi, mai tayil ya zo ya rufe, babu wanda ya tsaya a tsakani. Sabon tanki yakan zo da wani akwati da ake sa wa a bakin tagar don ya nuna iyakar inda tayil zai tsaya. Sau nawa ake cire shi a yar? Kuma bai kamata a ɗora tayil ko ɗaya ba sai an cika tankin an bar shi ya kwana, an kora ruwa sau da yawa, an shafa hannu a kowace mahaɗa. Yoyon da ke zuba cikin masai asarar ruwa ce kawai. Wanda ke fita daga mahaɗar bututu yana shiga cikin bulo ne, sai ka ga fentin ɗakin da ke maƙwabtaka ya kumbura yana ɓarewa, kaya suna warin sanyi. Shi ma sau da yawa kwance masan daga ƙusoshinsa biyu ya isa a kai ga robar da ta saki, amma sai wanda aka koya wa zai sani. Ban ga laifin matashin nan da ya ce a fasa ba kamar yadda na ga laifin yadda muke koyar da sana'a. Ubangidansa tankin waje ya sani, shi ya koya masa, kaya suka sauya, koyarwa ba ta sauya ba.

Kada kuma a raina zaren ruwan nan. A ce rubu'in lita ne kawai ke zuba a minti ɗaya, a kwana ɗaya lita 360 ke nan, fiye da jarka 14 masu lita 25. Ka tuna mai garuwa da ke tura kura a rana, ka tuna kuɗin man da ake ƙonawa don a tura ruwa sama tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Gidan da ake karantar da yara cewa ko a bakin kogi ba a almubazzaranci da ruwan alwala, bai dace ya kwana yana zubar da jarkoki a ɓoye ba.

Magina na da sun fi mu fahimtar wannan. Dubi hasumiyar babban masallacin Agadas. Itatuwan da suka fito a jikinta suna ƙarfafa ginin, kuma su ne matakalar masu yaɓe idan lokacin gyara ya yi. Wanda ya gina ta ya san ruwan sama zai ci ƙasa, sai ya bar wa na bayansa wurin taka ƙafa, kuma hakan bai rage mata kwarjini ba. Haka gidajen ƙasa na birni suke, ana duba indararo ana yin yaɓe kafin damina. A wurinsu gini da gyara sana'a ɗaya ce.

Don haka ina roƙon duk mai gini: in kana son tankin bango, sa shi, amma ka tsaya a wurin ranar da za a rufe. Ka sa hannunka ta tagar ka tabbatar yana shiga har gindin tanki. Ka hana a bi farantin da siminti. Ka ɗauki hoton bangon da wayarka kafin tayil ya hau, ka rubuta sunan tankin da lambarsa. Masu gyara kuma, ku cire farantin ku duba tukuna kafin ku ambaci guduma.

Kafin Baba ya tafi, Yaya ta ce ya koya mata cire farantin da rufe makullin. Ta yi sau biyu a gabansa har ya gamsu. Sannan ta ba shi kuɗin robobi huɗu, ta zuba su a leda tare da takardar tankin, ta ajiye a durowar da takardun gidan suke.