Jangebe a idon kyamarar Sodiq

'Yan uwa masu rataya kyamara, duk wanda bai zauna ya ƙare wa hotunan Sodiq Adelakun kallo ba, to ya yi yau. Shi ne mai ɗaukar hoton da ya ci kyautar World Press Photo ta 2022 a ɓangaren Afirka, da jerin hotunan da ya ɗaukar wa AFP kan satar ɗalibai a Arewa. Ciki har da Jangebe, maƙwabtanmu na Talata Mafara, inda aka kwashe 'yan mata daga makaranta a Fabrairun 2021, daga baya aka sako 279.

Yadda yake juya haske shi ya tafi da imanina. Wanda ya taɓa ɗaga kyamara a kasuwar Anka ko Gummi da azahar ya san wahalar: rana tana dukan ƙasa, farin hijabi ya ruɗe mita, ka bi mita fuska ta koma baƙi ƙirin, ka buɗe wa fuska hijabin ya ƙone. Ka shiga ɗaki kuma sai duhu. Ka sauke shota ƙasa da 1/60 hannu ya yi rawa, ka cilla ISO zuwa 6400 hoto ya cika da yashi. To ku dubi hoton da Sodiq ya ɗauka na wata uwa da take kuka a gida, washegarin ɗauke 'ya'yanta mata biyu: natsattse, mai nauyi, mai kunya, haske daidai wa daida, inuwa ta zauna inda ya kamata, ba a wanke mata fata don a burge kowa ba. Kai, gwani gwani ne!

Ana ta kambama Robert Capa da hotunansa 11 na yaƙi masu dishi-dishi na gaɓar Omaha, ran 6 ga Yunin 1944. Ba musu, rawar hoton ita ta nuna firgici. Amma namu yaƙin ba ya tsayawa a ɗauke shi. Da dare 'yan bindiga suke zuwa, mai kyamara ya iso da safe ya tarar da makaranta wayam da iyaye jugum. Babu harsashin da zai ɗauka, sai hasken da zai auna. Nan Sodiq ya fi ƙarfin yaro.

Haushina ɗaya: WhatsApp na matse hotunan har inuwar ta dunƙule ta zama tabo. Don Allah ku buɗe su a babban allon kwamfuta. Kuma ina ma wata rana ya biyo ta Bukkuyum da kyamarar nan tasa.